Wa Zai Rubuta Labarin 'Yan Sawaba?

'Yan uwa marubuta, wani birkila ɗan Sipaniya mai suna Cipriano Mera ya fi mu kishin tarihi. Mutumin nan yana cikin masu aƙidar cewa talaka zai iya zama ba sarki ba hukuma a kansa. Ya jagoranci runduna a yaƙin basasar ƙasarsu na 1936 zuwa 1939, suka sha kashi a hannun Janar Faranko. Aka yanke masa hukuncin kisa, daga baya aka sassauta. Ya tsallaka Faransa ya koma ga bulo da siminti, ya rasu a 1975. Amma sai da ya bar littafin rayuwarsa, aka buga shi a 1976.

To mu fa? Nan bayan Jibiya, a Nijar, an yi irin wannan gwagwarmaya, kuma sunanta ma Hausa ne: Sawaba. Jibo Bakari ne ya riƙe gwamnatin Nijar a 1957. Da Digol ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Sawaba ta ce a'a, 'yanci take so nan take. Faransa ta sa ƙarfinta, Sawaba ta faɗi, a 1959 aka haramta ta. Su wa suka riƙe ta a ɓoye? Direbobi, teloli, 'yan ƙwadago, ƙananan 'yan kasuwa. Wasu suka fake a Kano wajen 'yan NEPU. Samari suka tafi Gana, Aljeriya da Sin koyon yaƙi, suka dawo a 1964 ta kan iyaka, suna zaton ƙauyuka za su tashi su bi su. Ba su tashi ba. Aka yi farautarsu, aka harbe wasu a bainar jama'a a Yamai. Shi kansa Jibo ya dawo gida bayan juyin mulkin 1974, Kunce ya ɗaure shi shekaru, ya rasu a 1998.

Wai duk wannan bai isa littafi ɗaya ba? Kullum sai saurayi da budurwa a gindin mangwaro? Ban raina soyayya ba, ita ta koya wa ɗalibaina da yawa karatun Hausa. Amma babban littafin da aka yi a kan Sawaba, mai shafi sama da 900, wani Bature ɗan Holan ne, Klaas van Walraven, ya fitar da shi a 2013, da Turanci. Shi ya bi tsofaffin gida-gida yana tambaya. Mu da muke jin harshensu muna zaune.

Na san abin da za a ce: ai 'yan tawaye ne, sun ɗauki bindiga. Mu mutanen Tafoki, da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, ba wanda zai koya mana abin da bindiga ke yi wa ƙauye. Gurnetin da aka jefa wa Jori Hamani a filin Idi a 1965 bai same shi ba, yaro ya kashe. A rubuta wannan ma, kada a ɓoye. Marubuci ai ba maroƙi ba ne. Abin da nake so in karanta shi ne zuciyar telan Maraɗi da ya ɓoye baƙo a ɗakinsa, ya san idan aka gano 'ya'yansa ne za su kwana da yunwa.

Wanda yake ɗan shekara 20 a 1964 yau ya haura 80. Daga Katsina zuwa Maraɗi ba ta kai tafiyar yini ba, kuma kowannenmu akwai rikoda a wayarsa.