DOKI MAI CIKI BIYU: WA ZAI HAU, WA ZAI YANKO MASA CIYAWA?

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, wata kokawa ta ɓarke a kasuwar motoci ta duniya, kuma ko da yake a nesa ake yin ta, ƙurarta ba za ta daɗe ba ta iso ƙofar gidanmu. Shekara da shekaru, in aka ce motar manya, to, ba a wuce Mercedes da BMW na Jamus, ko Range Rover ta Ingila, ko Lexus da Land Cruiser na Japan. Yanzu kuwa sai ga baƙi daga ƙasar Sin sun shigo fage suna buga ƙirji. A 2022 kamfanin Li Auto ya fito da wata ƙatuwar jif mai suna L9. A 2023 kamfanin BYD ya biyo baya da Yangwang U8, wadda kuɗinta ya haura yuwan miliyan ɗaya, aka kuma fitar da AITO M9 da hannun kamfanin Huawei a ciki. A 2025 Zeekr 9X ta bi sahu. Dukkansu manya ne, dukkansu na ƙasaita ne, kuma dukkansu ciki biyu gare su: suna shan fetur, suna cin wutar lantarki.

Ya kamata mu fara da sanin abin da muke magana a kai, domin wanda bai san dawan garin ba, ba ya ja-gora. Wannan irin mota tana ɗauke da injin fetur kamar kowace mota, kana tana da ƙaton batir a ƙarƙashinta wanda ake jona wa wuta a gida ko a tasha. In batirin ya cika, sai ta yi tafiya shiru ba hayaƙi, kilomita 150 zuwa 200, wasu ma fiye, bisa lissafin masu ƙera ta, wato abin da zai kai mutum Shinkafi daga Ƙaura Namoda ya dawo da shi. In wuta ta ƙare, sai injin ya tashi, ko ya juya ƙafafun da kansa, ko kuwa ya zama janareto yana ciyar da batirin. Dabara ce mai kyau, ba ma musun haka. Hasali ma muna da rabo a tarihinta, gama Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, shi ne ya zana siffar Chevrolet Volt da kamfanin General Motors ya nuna wa duniya a 2007, wadda tana cikin na farkon irin waɗannan motoci.

Darasi na farko da ke cikin wannan kokawa shi ne, babu sarautar da ba ta girgiza. A 1989 Turawa sun yi wa Toyota kallon hadarin kaji sa'ad da ta fito da Lexus don ta kara da Mercedes, ba a jima ba dariya ta koma ciki. BYD kuwa da batir ya fara a garin Shenzhen a 1995, bai san ƙirar mota ba. A 2022 ya daina yin mota mai fetur zalla, a 2023 kuma ƙasar Sin ta wuce Japan wajen fitar da motoci zuwa ƙetare. To, mu fa? A 1975, lokacin da talakan Sin keke ne abin hawansa, an riga an buɗe masana'antar Peugeot a Kaduna da ta Volkswagen a Ikko, daga baya aka yi ta Steyr a Bauci, da ta Fiat a Kano, da ta Leyland a Ibadan, da ta Mercedes a Enugu. Amma muka tsaya ɗaure ƙusoshin da wasu suka ƙera. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, sai masana'antun suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, muka koma jiran kwance daga Kwatano. Su sun koyi ƙira, mu mun koyi saye.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan. Mun san halinmu. Duk wata sabuwar mota ta alfarma da ta fito a duniya, ba ta shekara biyu sai an gan ta a jerin gwanon wani babba, kuma ba kasafai daga aljihunsa kuɗin ke fita ba. A 2023, watanni kaɗan bayan an janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, talaka yana ta da ƙafa saboda tsadar kuɗin mota, sai aka saya wa 'yan Majalisar Tarayya jif-jif, wanda jaridu suka ce kowace ta kai kimanin Naira miliyan 160. Ku yi lissafi da kanku. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, sai ya shekara 190 bai ci ba bai sha ba kafin ya tara kuɗin guda ɗaya. Hujjar da aka bayar a lokacin ita ce, wai hanyoyin ƙasar nan ba su da kyau. Ashe maganin mugunyar hanya shi ne a ɗaga mai gyaran ta sama yadda ba zai ji ramin ba!

Gobe kuwa hujjar za ta fi wannan daɗin ji. Za a ce ai wannan sabuwar jif ba ta shan mai, tana kare muhalli, tana tafiya da zamani. Za a kawo takarda mai ado daga dillali, a ce wa ƙaramin ma'aikaci ya rubuta wa gwamnati shawarar saye. Kafin ya sa hannu, muna roƙon ya ɗauko taswira ya dubi arewacin Jihar Zamfara, ya tambayi kansa a ina za a jona motar.

Wutar Zamfara daga layin ƙasa take zuwa, ta hannun kamfanin rarraba wuta na Kaduna, wanda ke riƙe da Kaduna da Kabi da Sakkwato da Zamfara. Layin ƙasar nan duka megawat 4,000 zuwa 5,000 yake rabawa a yawancin lokaci ga mutane fiye da miliyan 200, ya kuma faɗi sau da dama a 2024. A watan Oktoba na wannan shekara ta 2024, yawancin jihohin Arewa sun kwana fiye da mako guda cikin duhu bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna. In manyan birane sun ga haka, ina ga garuruwan da ke wutsiyar waya irin su Zurmi da Shinkafi, balle ƙauyukan da ba a taɓa kafa musu turke ba? Mai wannan mota a can hanya biyu ce gare shi. Ko ya ta da janareto ya ƙona mai don ya cika batirin da aka saya domin gudun ƙona mai, wanda ko yaro ya san an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Ko kuwa ya bar batirin fanko, ya yi ta jan nauyinsa na ɗaruruwan kilo da fetur, alhali ita Yangwang U8 ta kusa tan uku da rabi. Kada a ɗauka zato ne. Ko a Turai, inda wuta ba ta ƙiftawa, wani rahoto da Hukumar Tarayyar Turai ta fitar a 2024 ya nuna cewa hayaƙin da irin waɗannan motoci ke fitarwa a kan hanya ya ninka abin da ke rubuce a takarda sau uku da rabi, saboda masu su ba sa damuwa da yin caji.

Sa'an nan a dubi ita hanyar da za a hau. Daga Ƙaura zuwa Shinkafi, da daga Ƙaura zuwa Zurmi har a fita Jibiya, direbobi sun shekara da shekaru suna tafiya da zuciya a hannu saboda 'yan bindiga. A Satumba ta 2021 sai da gwamnati ta katse layukan tarho a jihar, ta rufe kasuwannin mako, ta hana sayar da mai a jarka. Kasuwar Shinkafi, wadda fatake ke zuwa ci daga Sakkwato da Katsina har da Jamhuriyar Nijar, ta ga tasku. Manomi ya bar gonarsa, abinci ya yi tsada, yunwa ta shiga ɗaki. A 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi, ta tarar yaro ɗaya cikin kowane huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Wace irin ido ce za ta iya kallon wannan ta cikin gilashi mai duhu, daga kan kujerar da ke yi wa mutum tausa?

Za a ce mana, ku 'yan makaranta hassada ce ke damun ku, kowa da arzikinsa. Mun ji. Ɗan kasuwar da ya nemi halalinsa, ya biya harajinsa, in ya ga dama ya hau abin da ransa ke so, ba mu da ta cewa. Maganarmu a kan dukiyar jama'a take. Za a kuma ce mota mai ciki biyu ta fi dacewa da ƙasarmu a kan mai lantarki zalla, tun da in babu wuta ba za ta tsaya a daji ba. Wannan ma gaskiya ne. Amma abin da ya dace da mu a cikinta dabarar ce, ita kuwa dabara ba sai an naɗe ta da fata da katakon ado ba. Batirin irin waɗannan motoci yana ɗaukar yunit 40 zuwa 50 na mita, wasu ma fiye. Yunit 40 sun isa su kunna ƙwan fitila 800 masu wat 10 har awa biyar. Wato abin da ke kwance ƙarƙashin ƙafar mutum guda zai haskaka unguwa sukutum. A raba shi gida-gida, a haɗa da faifan sola, sai ya riƙe firjin allurar rigakafi da fitilar ɗakin haihuwa a asibitocin ƙauye da dama. Rana kuwa ita ce arzikin da babu wanda ya isa ya yanke wa Zamfara layinta.

Ba mafarki muke ba, domin an fara a maƙwabta. A 2021 hukumar ƙasa mai kula da ƙirar motoci, lokacin Jelani Aliyu yana shugabanta, ta buɗe tashar caji mai aiki da rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri, garin da ya sha wuya irin tamu ko fiye, wani matashi, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin fetur daga ƙananan bas-bas yana sa musu batir, talakawa suna hawa a kan kuɗi kaɗan. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba kowace jiha ikon samar da wutarta da rarraba ta. Ƙasar Habasha ta hana shigo da motocin fetur a 2024, amma fa sai da ta kashe shekaru fiye da goma tana gina madatsar ruwa a kan kogin Nilu. Ta haƙa rijiya kafin ta sayi guga. Mu kada mu sayi gugar zinariya mu tsaya bakin busasshen rami.

Saboda haka ga abin da muke kira a yi. Na ɗaya, kada gwamnatin jiha ko ƙaramar hukuma ta sayi motar alfarma da sunan kare muhalli, sai ta bayyana wa jama'a kuɗinta, da inda za a yi mata caji, da inda za a samo wutar. Ba sabon abu muke nema ba, gama bayan 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta wajabta wa manyan jami'anta hawan Peugeot 504 ta Kaduna, sama kuma ba ta faɗo ba. Na biyu, in za a kashe kuɗi a kan batir, a fara da abin hawan mutane da yawa: Keke Napep, da babur ɗin haya, da bas ɗin kasuwa, da motar ɗaukar marasa lafiya, tare da rumfunan caji na sola a tashoshin Ƙaura da Zurmi da Shinkafi. Na uku, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983, ta zama makarantar wannan sana'a. A koya wa ɗalibai haɗa batir da gyaran sa, a kuma jawo kanikawan gareji a ƙara musu ilmi, tun da wutar da ke cikin waɗannan motoci ta kai ɗaruruwan bolt, tana iya kashe wanda ya taɓa ta da jahilci. In ba haka ba, ranar da motar ta yi tari sai an ɗauke ta a bayan tirela zuwa Abuja ko Ikko, kuɗinmu ya sake bin hanyar da ya saba.

Akwai kuma batun ƙasa da abin da ke cikinta. Batir da ma'adinin litiyam ake yin sa, an kuma gano shi a Nijeriya, har kamfanin Sinawa ya buɗe masana'antar tace shi a Jihar Nasarawa a 2024. A ƙarshen shekarar 2024 ne Gwamnatin Tarayya ta ɗage takunkumin haƙar ma'adinai da ta sa wa Zamfara tun 2019. Jihar da ta binne yara fiye da 400 a 2010 saboda gubar dalma a wuraren haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum ba ta bukatar a yi mata dogon wa'azi a kan wannan. Mutanen Ƙaura ma sun san labarin. A 1929 aka kawo musu titin jirgin ƙasa daga Zariya, aka tsayar da shi nan, don a kwashi gyaɗa da auduga da fatu a kai bakin teku, a dawo mana da su atamfa da takalma a kan ninkin kuɗi. In muka bari aka kwashi dutsenmu a buhu, aka dawo mana da shi jif mai sheƙi, to, tsohon ciniki ne aka sake wa riga.

Ku da ke aji yau, gobe ku ne akawu, ku ne injiniyoyi, ku ne sakatarorin da fayil zai biyo ta teburinsu. Ranar da takardar nan mai ado ta iso gabanku, ku karanta ta da kyau, ku yaba wa gwanintar waɗanda suka ƙera motar, gama sun cancanci yabo. Sa'an nan ku ɗauki jan biro ku rubuta a gefe: ina wutar, ina hanyar, ina mai gyara, kuma asibiti nawa kuɗin nan zai haskaka tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi? In an amsa, a saya. In ba a amsa ba, fayil ya koma inda ya fito.