Makarantar Gwamnati Ba Abin Kunya Ba Ce

Jama'ar Zango, lokacin ya sake zagayowa. Yara sun gama aji shida, an sha bikin yaye su, an ɗau hotuna da hula mai kusurwa huɗu kamar waɗanda suka gama jami'a. Yanzu a majalisu da gidajen suna maganar ɗaya ce: ina za a kai yaro ƙaramar sakandare? Kusan kowa amsarsa makarantar kuɗi. Wanda ya ce shi ta gwamnati zai kai nasa sai a bi shi da kallon tausayi, kamar wanda jarinsa ya karye a kasuwar Gudu. Wannan kallon yana cin kuɗinmu, yana kuma cin karatun 'ya'yanmu.

Mu fara da doka. A 1999 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, a 2004 aka mai da shi doka. Dokar ta ce shekara tara na farko, wato firamare da JSS 1 zuwa 3, kyauta ne kuma dole ne, har ta tanadi hukunci ga wanda ya karɓi kuɗin makaranta a wannan mataki a makarantun gwamnati. Kashi 2 cikin 100 na babban asusun tarayya ake ware wa hukumar UBEC saboda wannan aiki. Kuɗin wa ke nan? Naka ne, Alhaji, da harajin da ake tatsa a shagonka da wanda ke cikin duk abin da ka saya. Ka riga ka biya sau ɗaya, sai ka juya baya ka je ka sake biya a wani wuri.

To me ake saya da biyan na biyu? Ba manyan makarantun Maitama da Asokoro nake nufi ba, waɗannan ba sa'o'in aljihun yawancinmu ba ne. Ina nufin waɗanda suka cika lungunan Gudu da Durumi da Apo da Lokogoma: gidan haya mai ɗaki huɗu, an shafa fenti, an kafa allo da suna mai tsawo na Turanci. Ba filin wasa, ba ɗakin gwaje-gwaje. Malami ɗaya shi ne na lissafi, shi ne na kimiyya, shi ne na aikin gona. Albashinsa sau da yawa bai kai mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70 ba, saboda haka da ya samu wani aiki sai ya kama gabansa, yaro ya ga malaman lissafi uku a shekara ɗaya. A matakin firamare ana iya lallaɓawa a haka. A JSS kuwa darussa sun rabu, kowanne yana son gwaninsa, kuma a nan ne ake kafa ko rusa lissafin yaro.

Akwai na kirki a cikinsu, Allah ya saka wa masu su. Amma mu faɗi gaskiya, mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa tambayar mai makaranta takardar amincewar sashen tabbatar da inganci na Sakatariyar Ilimi ta Abuja? Wa ya tambayi malamai nawa ke da NCE ko rajistar TRCN? Wa ya tambayi a ina yara za su zauna jarrabawar BECE a ƙarshen aji uku? Makarantar da ba ta da rajista sai dai ta kwashe su zuwa wata cibiya, a ƙara maka kuɗi. Mu dai yunifom muke kallo, da motar makaranta, da yaro ya dawo gida yana ce wa uwarsa "Momi". Haba jama'a! Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Ga lissafi. A ce kuɗin zangon karatu naira dubu 80 ne. A shekara dubu 240, a shekara uku dubu 720, yaro ɗaya, ban sa littattafan da dole a wurinsu za ka saya ba, da kuɗin fati, da kuɗin mota da ya ninka tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mai 'ya'ya biyar fa? Mun san yadda take ƙarewa. Kasuwa ta ja baya, a koro yaro ana saura mako biyu jarrabawa, a riƙe sakamakonsa. Shekara mai zuwa a canja masa makaranta, a bar bashi a baya. Idan kuma aka rasa na biyan duka, mun san wadda ake fara cewa ta ɗan zauna a gida tukuna: mace. Wannan "tukuna" ɗin ta raba yara mata da yawa da aji har abada.

Wani zai ce ai ko a Amurka iyaye na gudun makarantar unguwa. Haka ne, suna da wasu makarantu da ƙungiyoyi ke tafiyarwa bisa yarjejeniya da hukuma, jihar Minnesota ce ta fara yi musu doka a 1991. Sai dai gwamnati ce ke biya, uba ba ya ba da ko sisi, idan masu nema sun yi yawa ƙuri'a ake jefawa, kuma makarantar da ta gaza ana iya ƙwace izininta. Namu kuwa kai ne mai biya, kai ne kuma ba ka da bakin magana.

Na san abin da za a ce game da ta gwamnati: cunkoso, karyayyun benci, yajin aiki. Duk gaskiya ne. A 2025 malaman firamare na ƙananan hukumomin Abuja sun fi wata uku ba su shiga aji ba saboda haƙƙoƙinsu na albashi. Amma ku tambayi kanku, da 'ya'yan manyan 'yan kasuwa da limamai da masu unguwanni ne ke zaune a gida, zai kai wata uku? Makarantar gwamnati ta lalace ne daidai gwargwadon yadda masu murya suka kwashe nasu suka bar 'ya'yan marasa gata. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Duk da haka ƙananan sakandaren da ke ƙarƙashin hukumar UBEB ta Abuja suna da abin da gidan haya ba shi da shi: malamai masu takarda, kowane darasi da nasa, har da darasin addinin Musulunci, da fili, da jarrabawa a harabarsu, kuma ba a koro yaro don babansa bai yi ciniki ba.

Akwai kuma wata cuta tamu ta mutanen zango, wato "ai ba garinmu ba ne". Shekara talatin mutum yana Gudu, ya yi aure a nan, ya binne 'yan uwansa a maƙabartar Gudu, amma har yanzu zuciyarsa na cewa bari ya gama tara kuɗi ya koma Kano ko Katsina. Shi ya sa ba a ganinmu a taron PTA, ba a ganinmu a kwamitin SBMC da aka kafa don al'umma ta sa ido a kan makaranta. Tun 1976 aka keɓe Abuja don kowane ɗan Najeriya. Yaronka a nan aka haife shi, kujerar ajin nan haƙƙinsa ce kamar ta ɗan Gbagyi da ɗan Ibo da za su zauna gefensa, kuma da su zai yi kasuwa da aiki gobe.

Saboda haka kafin ka biya ko kwabo, Malam, ka taka da ƙafarka zuwa makarantar gwamnati mafi kusa da gidanka ranar aiki. Ka ga shugaban makaranta, ka leƙa aji, ka duba littafin wani ɗalibi ko ana yi masa maki. Ka je ta kuɗin ka yi haka nan, ka nemi takardun da na lissafa. Yaron da ke da kai, a shirya shi ya zauna jarrabawar NECO ta shiga makarantun tarayya, ga ta maza nan a Apo, ga ta mata a Bwari. Rabin abin da za ka zuba a gidan haya ya ishe ka sayen littattafai, da biyan malamin lesin, da Islamiyya da yamma. Kwamitin masallaci da ƙungiyar 'yan kasuwa su tsayar da mutum biyu ko uku da za su shiga SBMC da sunan Zango, su riƙa kawo mana rahoto kowane zangon karatu. Hajiya, ke ma a daina yi wa maƙwabciya dariya don ɗiyarta na sanye da yunifom ɗin gwamnati. Ranar da sakamakon BECE ya fito ba a tambayar launin riga.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani. Amin.