Sabuwar Salansa, Tsohon Ma'aunin Mai

Matasa da dama kan cire salansar da babur ya zo da ita su ɗaura mai ƙara, don a ji tafiyarsu tun daga nesa. Kaɗan ne ke tambaya ko injin ya amince da wannan sauyi.

Injin fetur ma'auni yake bi: kimanin kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Salansa mai faɗin hanya kan sa hayaƙi ya fita da sauri, iska ta ƙara shiga. Idan mai bai ƙaru daidai da ita ba, sai inji ya ɗauki zafi, salansa ta riƙa tartsatsi in an saki totur, bakin fulogi ya yi fari fat. In aka yi sakaci, bawul ko fistin ne zai ƙone.

Wanda ya sauya bakin salansa kaɗai, galibi ba ya bukatar gyara. Wanda kuwa ya sauya bututun gaba ɗaya, balle ya haɗa da matatar iska, wajibi ne a sake masa saitin mai. Babur mai kwamfuta kan daidaita ƙaramin sauyi da kansa, amma mai kafireta, irin Bajaj Boxer da ta cika titunanmu, sai bakanike ya sa hannu.

Haɗarin ya ƙaru tun da aka janye tallafin fetur a 2023, domin wasu suna matse kafireta don tsimi. Ƙarancin mai a kan ƙarin iska, ƙarshensa sauke inji ne. Wanda ba zai biya kuɗin saiti ba, ya bar kaza cikin gashinta.