Ajiya Ta Fi Suna Amfani a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Adireshin kowane shafin intanet haya ne. Mai shafin da ya ƙare da .ng yana ƙarƙashin NiRA, mai .com yana ƙarƙashin kamfanin Verisign na Amurka, ICANN kuma ita ke kula da babban kundin sunayen. In ka daina biya an karɓe sunan, in kuma aka ga dama a rufe hanyar zuwa gare shi, kamar yadda aka toshe jaridar Peoples Gazette a layukan wayar Najeriya a Janairun 2021. Shi ya sa masana kwamfuta suka fito da Namecoin a 2011, da ENS a 2017 mai raba sunaye masu ƙarewa da .eth a kundin da babu mai riƙe da makullinsa shi kaɗai, da kuma IPFS mai rarraba ajiyar shafi a kwamfutoci da yawa. Matasanmu 'yan kirifto na yi wa sunayen nan kirari. A ganina, mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ajiyar ce za ta amfane shi.

Dalilin yana cikin abin da ya faru a 2021. Da gwamnatin tarayya ta rufe Twitter a watan Yuni, mutanen birni suka kunna VPN suka ci gaba da harkarsu. A watan Satumba kuwa, lokacin mulkin Aminu Bello Masari, aka katse sabis baki ɗaya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga, har da waɗannan ukun. Mai POS ya naɗe teburinsa, ɗan kasuwar hatsi ya rasa labarin farashi, mai son jin muryar ɗansa sai ya yi tafiya zuwa inda waya ke kamawa. Wane suna ne zai buɗu a wayar da ba ta da sanda ko ɗaya? Ko da sabis, sunan .eth dala 5 ne a shekara mafi arha, da kuɗin kirifto ake biya, kuma yawancin wayoyi ba sa buɗe shi sai ta wata ƙofa irin eth.limo, wadda ita ma adireshin haya ce. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ajiya a hannun jama'a kuwa ba baƙuwarmu ba ce. Masu turi a kasuwa sun daɗe suna cika wa mutane memori da wa'azi da fina-finai, yara na tura wa juna ta Xender ba tare da data ba. Abin da IPFS ya ƙara shi ne kowane fayil yana da lambar da aka ciro daga abin da ke cikinsa, in aka canza harafi ɗaya lambar ta canza, saboda haka ana iya gane kwafin gaskiya daga na jabu. Da shi aka ajiye Wikipedia ta Turkanci lokacin da Turkiyya ta toshe ta a 2017. Akwai ma hanya mafi sauƙi: manhajar Kiwix tana buɗe Wikipedia ta Hausa ba tare da intanet ba.

Za a ce abin da ba a iya gogewa makami ne ga 'yan bindiga da masu yaɗa ƙarya, kuma yankin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 a Disambar 2020 bai kamata a yi wasa da tsaronsa ba. Maganar tana da nauyi, domin ƙaryar da ta bazu a kwamfuta dubu babu alƙalin da zai janye ta. Amma ɗan bindiga kiran waya yake buƙata, kuma ƙaramar na'ura mai hasken rana da ke raba littattafai a harabar makaranta ba ta kiran kowa. Shugabannin ƙananan hukumomin nan uku su tanadi irin wannan ajiya a makarantu da asibitoci, da littattafan karatu da bayanan lafiya da na noma, tun sabis yana nan.