Farar Shinkafa da Tukunyar Lantarki Mai Kulle Tururi

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka sake ba ni filin nan da ka saba ba ni, in yi magana bisa wani abu wanda watakila manyan malamai za su ce bai isa shiga jarida ba, watau dafa farar shinkafa. Amma su yi mini haƙuri, gama abin da ke shiga cikin mutum kullum, yana kuma cin rabo mai yawa na albashinsa, ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai wata tukunya da ta fara shiga gidajen akawuna da malaman makaranta, wadda ake sa wa lantarki, murfinta kuwa yana kullewa gam, ba ya barin tururi ya fita. Mutum zai tara kuɗinsa wata da watanni ya saya, ya kawo gida yana fara'a, a zuba shinkafa da ruwa kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Da an buɗe sai a tarar da abin da ba shi tuwo ba shi kunu. Maigida ya ce uwargida ba ta iya ba, uwargida ta ce dama kayan Nasara ba su san shinkafarmu ba. Daga nan sai a ɗora tukunya bisa kabad ta zama abin ado, gizo-gizo ya yi mata saƙa. Na san gidaje fiye da ɗaya inda haka ta faru. To, ni dai a ganina babu laifin uwargida, babu na tukunya. Mudun ruwa ne ya sake, ba a kuwa gaya wa mai dahuwa ba. Wa ya kamata ya gaya mata? Ai mu ne da muka iya karanta 'yar takardar nan ta Turanci da ke zuwa cikin kwali, wadda yawancinmu kan jefar tare da kwalin.

Bari in fara da asalin abin, don wanda ya san dalili ba ya bukatar haddace lissafi. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya, a ƙasa ta bakin teku kamar Ikko, yana tafasa in zafinsa ya kai digiri 100. Ko ka ƙone itacen dawa ɗaya a ƙarƙashinsa ba zai wuce nan ba, sai dai ya yi ta zama tururi yana tashi sama. In kuwa ka hau tudu, iska ta rage nauyi, sai ya tafasa tun bai kai haka ba. A Jos, wadda tsayinta ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, yana tafasa kusa da digiri 96, shi ya sa wake ya fi daɗewa a wuta a can. To, in aka kulle murfi, tururi ya rasa hanya, sai ya taru ya danne ruwan, ruwan kuwa ba zai iya tafasa ba sai zafinsa ya daɗu. Irin tukunyar matsi da ake ɗorawa bisa murhu takan kai digiri 121, ta lantarki kuwa takan tsaya ƙasa da haka kaɗan, wajen 115 zuwa 118.

Wannan hikima ba ta jiya ba ce. Wani mutumin Faransa, Denis Papin, shi ya ƙago ta a London cikin 1679, don ya tausasa ƙashi, shi ne kuma ya sa mata 'yar ƙofar da ke sakin tururi in ya yi yawa, don kada ta fashe. Cikin 1682 har walima aka yi wa masana na Ingila da abincin da aka dafa a cikinta. Irin ta lantarki mai maɓallai kuwa ta bazu ne bayan 2010, shekarar da wadda ake kira Instant Pot ta fito daga Kanada. Kada kuma a haɗa ta da tukunyar shinkafa zalla, wadda kamfanin Toshiba ya fitar a Japan cikin 1955. Waccan murfinta ba ya kullewa, tururi na fita, tana kashe kanta ne in ruwa ya tsotse. Mudun ruwansu ba ɗaya ba ne, sau da yawa kuwa masu sayarwa a kasuwa su kansu ba su rarrabe su.

Yanzu ga inda maganar take. An koya mana shinkafa ɗaya, ruwa biyu, wasu ma ba su awo, sai su cika ruwa, in ta tafasa su tace, su mayar ta turara. Amma ƙwayar shinkafa ba ta shan ruwa biyu. Abin da take sha bai fi kimanin girmanta ba, ko ya ɗara kaɗan. Sauran duk haraji ne da ake biyan iska, gama yana tashi ya tafi. Tukunya mai kulle kuwa ba ta biyan wannan haraji. Duk ruwan da ka zuba yana nan ciki, ba inda za shi sai cikin shinkafa, ko ta so ko ta ƙi. In ka ba ta biyu, dole ta sha biyu, ta kumbura, ta fashe, ta caɓe. Ka ga ashe tukunyar ba ta yi kome ba sai riƙon amana: abin da aka ba ta shi ta mayar.

Saboda haka ga awon da nake yi, da gwangwanin madara, don kowane gida yana da shi. Farar shinkafa wadda ba a turara ta da ƙaiƙayinta ba, irin su basmati da mai ƙanshin nan ta ƙasar Tailan, gwangwani ɗaya na shinkafa, gwangwani ɗaya na ruwa, minti 4 bisa matsi mai ƙarfi. Amma yawancin abin da muke ci a ƙasar nan gumi ce, watau wadda aka jiƙa aka turara tun tana cikin ƙaiƙayi, aka shanya, kana aka sussuke. Ita ƙwayarta ta fi tauri, ta fi son ruwa da lokaci. Gwangwani 4 nata, ruwa 5, minti 6 zuwa 8. Tsohuwar shinkafa da ta kwana biyu a rumbu ta fi sabuwa ƙishirwa, a daɗa mata ruwa cokali uku ko huɗu. Kowane buhu da halinsa, don haka ranar da aka buɗe sabon buhu a gwada da gwangwani biyu tukuna, a rubuta abin da ya fito a maƙala a bangon madafa. Mu akawuna da muke rubuta lissafin wasu tun safe har la'asar, ba zai gagare mu rubuta na tukunyarmu ba.

Wani abin daɗi kuma, awon ba ya sakewa da yawan shinkafa. A tukunyar murhu, wanda ya iya dafa gwangwani biyu yakan rikice ran da baƙi suka zo aka ce ya dafa takwas, domin ruwan da ke tashi ya danganta ga faɗin bakin tukunya da daɗewarta a wuta, ba ga yawan shinkafa ba. A nan kuwa biyu da biyu, shida da shida, mintocin kuma suna nan yadda suke. Sai dai kada shinkafa da ruwanta su wuce rabin tukunya, gama tana kumbura, tana kumfa, kumfar kuwa na iya toshe ƙofar tururi.

Wanki fa ba a bar shi ba. Lantarki ba ya tsince tsakuwa. Shinkafar gida a rege ta a ƙwarya kamar yadda iyayenmu ke yi, a wanke sau biyu ko uku har ruwan ya rage fari, don garin da ke jikinta shi ke sa danƙo, shi ke kuma kwantawa a gindin tukunya ya kama. Sa'an nan a tsane ta sosai a matsami ko kwando kafin a auna ruwa, in ba haka ba ruwan wanki ya shiga lissafi ba da saninka ba. Gishiri kaɗan, da cokali ɗaya na man gyaɗa, yana kwantar da kumfa, yana sa ta yi wara-wara.

Sai babbar jarrabawa, watau haƙuri. In mintocin nan suka cika, tukunya ta yi kuka, kada a taɓa ta. A bar ta minti 10 cur a rufe. Mutane suna tsammani dahuwa ta ƙare da kukan nan, alhali kuwa rabinta ke nan. Cikin mintocin nan goma ne ƙwaya ke ƙarasa shan abin da ya rage, zafi ya ratsa cikinta, wadda ta manne a gindi ta saki. Wannan shi ne turarawar da uwargida ke yi da garwashi in ta janye itace. Wanda ya yi gaggawar sakin tururi zai sami bayan ƙwaya ya yi laushi, cikinta da gari-gari. Bayan minti goman sai a buɗe 'yar ƙofar da bakin muciya ko dogon cokali, fuska na gefe, yara na nesa, a jira ɗan tsinken ƙarfen nan na bisa murfi ya faɗa ƙasa, kana a murɗa. In murfi ya ƙi murɗuwa, to da sauran matsi a ciki, kada a nuna masa ƙarfi. Tururin nan ya fi tafasasshen ruwa mugun ƙuna.

Ina so in faɗi wata gaskiya wadda mai kanti ba zai faɗa ba. Zai ce maka minti 4 shinkafa ta nuna. Haka ne aka rubuta, amma agogonta ba ya fara ƙirga sai matsi ya taru, wannan kuwa yakan ci minti 8 ko 10. Haɗa da huɗu na dahuwa da goma na jira, ka ga an tasam ma minti 25, watau daidai da tukunyar murhu. Wanda ya saye ta don saurin farar shinkafa kaɗai, ya yi cinikin da ba riba. Saurinta na wajen wake ne, da ganda, da ƙafar sa, da tsohon zakara, abubuwan da kan cinye gawayi awa biyu ko uku. Ribarta ga shinkafa dabam ce: ba tsaro, ba fifita, ba hayaƙi a ido, ta yau kuma daidai da ta jiya. Gwauron da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa garin da bai san kowa ba, ya dawo daga ofis ya zuba, ya tafi ya yi wanka, ya dawo ya tarar da abinci. Masu son ƙanzo dai sai su yi haƙuri, ba ta yi, yara kuma za su yi ƙara.

Game da wuta akwai abu uku. Mai cin lita 6 tana jan wajen wat 1,000, amma ba ta ja koyaushe, da matsi ya taru sai ta riƙa kamawa tana saki. In an ce ta ja minti 15 cikakku, rubu'in yunit ke nan. Ko bisa kuɗin da aka sa wa masu layin farko cikin Afrilu 2024, watau naira 225 kowane yunit, bai kai naira 60 ba, mai sayen gawayi ko gas sai ya gwada da nasa. Amma ƙaramin janareta na fitila da fanka ba zai ɗauke ta ba. Na biyu, wadda ɗan'uwa ya aiko da ita daga Amurka ko Kanada an yi ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce. In aka soka ta haka nan, ta mutu ke nan tun ba ta dafa ko ƙwaya ba. A duba rubutun da ke gindinta tukuna. Na uku shi ne tambayar da kowa ke yi: in aka ɗauke wuta tana tsakiyar aiki fa? In tsinken ya riga ya tashi, a bar ta rufe minti 20, galibi zafin da ke ciki yakan ƙarasa farar shinkafa. In kuwa bai tashi ba, a juye cikin tukunyar murhu, a daɗa ruwa, gama an koma ƙasar da ake biyan haraji.

Kada kuma a bar dafaffiyar shinkafa ta kwana ciki ba wuta, ana cewa ai a rufe take. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zuwa tare da shinkafa tun daga gona, wadda dahuwa ba ta gamawa da irinta duka. Muddin tukunya na riƙe da zafi sama da digiri 60 ba ta motsi, amma da abinci ya huce ya yi ɗumi-ɗumi sai ta yaɗu, ta zuba dafin da ke sa amai, ɗumame kuwa ba ya kashe dafin. Abin da ya ragu a kwashe, a sa a firiji in akwai, in babu a ba almajirai tun da zafinsa.

Wani malamin makaranta ya tambaye ni ko tana yin tuwon shinkafa. Tana yi ƙwarai, nan ne ma caɓewar da ake kuka da ita ta zama abin nema. A sami shinkafar tuwo, ɗaya da ruwa biyu da rabi, minti 12, a bar tururi ya sauka da kansa, sa'an nan a tuƙa da muciya ta itace a hankali, don kada a kankare cikin tukunyar. Zoben robar da ke cikin murfi kuwa a cire shi a wanke bayan kowace miya, in ba haka ba farar shinkafar gobe za ta zo da ƙanshin daddawar jiya. Maganar shinkafa da wake, da dafa-duka wadda tumatirinta kan kama gindi, sai wani mako in Edita ya yarda.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Akawu Mai Gwangwani