Kimiyya Da Rayuwa: Mutuwar Kifi A Injin Lantarki

Duk matafiyin da ya tashi daga Potiskum ya nufi Gombe, tilas ya ƙetare kogin Gongola. Ruwan nan ne ke taruwa a madatsar Dadin Kowa, inda aka kafa injunan lantarki masu ƙarfin megawat 40. Wuta alheri ce, babu mai musu. Amma akwai wata ɓarna da kan auku a cikin irin waɗannan injuna wadda ido ba ya gani, asararta kuwa a kan masunta take faɗawa.

Galibin kifaye suna da 'yar jakar iska a cikinsu, da ita suke daidaita tsayuwarsu a ruwa. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara wa kifi danni daidai da nauyin iskar da ke bisa doron ƙasa. Tun cikin 1662 shaihin malami Robert Boyle ya nuna a Ingila cewa in danni ya ragu da rabi, iska takan kumbura ninki biyu.

To, kifin da ruwa ya janyo daga zurfi ya shigar da shi inji, da zarar ya wuce fukafukan da ke juyawa sai dannin ya faɗi kafin ƙiftawar ido. Nan take jakar ta kumbura ta fashe, idanu su firfito, kumfa ta shiga jini, wani lokaci har tumbi ya leƙo ta baki. Ƙarfe bai taɓa shi ba, amma ya mutu, ko ya fito a galabaice tsuntsaye su tsince shi. Karfasa da giwan ruwa sun fi shiga hatsari, domin jakarsu a rufe take, ba ta da hanyar fitar da iska ta maƙogwaro.

Abin yana da magani. Akan sa ragar ƙarfe a bakin mashigar ruwa, a buɗe wa kifi wata hanya dabam. A Amurka har an ƙera injunan da ba su barin danni ya faɗi ƙwarai.

Saboda haka ya kamata hukuma ta sa masanan cibiyar binciken kifi ta New Bussa su auna yawan abin da ke halaka a Dadin Kowa, da kuma Kainji da aka kammala cikin 1968, su haɗa kai da sarakunan ruwa. Talakan da ke neman wuta a gidansa, shi ne dai ke neman kifi a miyarsa. Rigakafi ya fi magani.