Mu Faɗa wa Mutanenmu Abin da Ke Cikin Ciwon Daji



Daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, da wuya a samu unguwar da ba a taɓa jin an ce "daji ba ya son allura" ba. Wannan magana kan sa mace ta ɓoye ƙulli a mama, ba za a kai ta asibitin koyarwa na Shika ba sai ciwo ya ci jiki. Mu masu alƙalami muna da namu laifin, domin mun bar wa jita-jita filin.

Bari mu gwada da batu mai wuya. A cikin DNA ɗin ɗan Adam, abin da ke ba da umarnin ƙera furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. An daɗe ana yi wa sauran kallon tarkace. Ashe daga can ake kwafo wasu dogayen zaruruwan RNA, masu haruffa sama da 200, waɗanda ba su ƙera furotin. Aikin wasunsu kamar na sarkin ƙofa ne: su buɗe wannan ƙwayar gado, su rufe waccan.

Idan mai gadi ya rufe ƙofar da bai kamata ba, gari ya shiga uku. A 2007 masana a Jami'ar Stanford ta Amurka suka gano HOTAIR. A 2010 aka nuna cewa idan ta yi yawa a sankarar mama, tana kulle ƙwayoyin gadon da ke hana ciwon yaɗuwa. MALAT1 kuwa tun 2003 aka danganta ta da yaɗuwar sankarar huhu. A 2012 Amurka ta amince da gwajin fitsari mai auna PCA3, don taimaka wa likita kan sankarar furostet ta maza.

Sai dai mu yi hattara. Yawancin wannan ilimi bincike ne, bai zama magani ba tukuna. Wanda ya rubuta "an gano maganin daji" ya cuci marar lafiya.

Kada wani ya ce Hausa ba za ta iya ba. A nan Zariya Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah, littafin kimiyya, tun kafin samun 'yancin kai.

Aikin wannan mako: kowa ya bayyana yadda daji ke yaɗuwa cikin layi goma, ya karanta wa innarsa. In ba ta gane ba, a sake rubutawa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.